Wasiƙun Hanyar Burmi: Nazarin Yadda Aka Shigar da Ƙagaggun Wasiƙu Cikin Wani Wasan Yaƙi a Jidda

Wasan da wannan nazari ya shafa ana yin sa ne a wata istiraha da ke bayan garin Jidda, irin gidajen hutun nan da abokai kan yi karo-karo su kama haya saboda zaman daren Alhamis. Dukanmu Hausawa ne, amma ba ruwa ɗaya muka sha ba. Akwai haifaffun Mai Wurno da Sinnar da Gadarif waɗanda neman abinci ya ƙetaro da su daga Sudan, akwai 'ya'yan Makka da suka tashi a unguwar Shara Mansur, sannan akwai ɗalibai kaɗan daga Kano da Sakkwato. Wanda ya kawo wasan malamin tarihi ne da kowa ke kira Ustaz, kuma shi ne alƙalinsa. Ni aka ɗora wa rubuta wasiƙun, saboda haka abin da ya yi kyau da abin da ya ɓaci a wannan lamari duk da hannuna a ciki, kuma ya kamata mai karatu ya san da haka tun daga farko.

Tsarin wasan aro ne. Ustaz ya ɗauko shi daga wasan horar da hafsoshi da rundunar Furushiya ta ƙasar Jamus ta karɓa a 1824 daga hannun wani hafsa mai suna Reisswitz. Ana raba 'yan wasa gida biyu, kowane ɓangare a ɗakinsa da taswirarsa, alƙali kuma yana ɗaki na uku da taswirar da ke nuna ainihin inda kowace runduna take. Babu mai ganin abokin gabarsa. Shugaban runduna yana rubuta umarni a takarda, alƙali ya auna tazara da yanayin ƙasa, ya jefa ɗan ludo inda al'amari ya rataya ga sa'a, sannan ya aika wa kowane ɗaki gwargwadon abin da mutanensa za su iya gani ko ji. Abin da Ustaz ya yi shi ne ɗora wannan tsari a kan watanni huɗu da 'yan kwanaki na shekarar 1903, daga ranar 15 ga Maris da Sakkwato ta faɗa hannun Turawan Ingila zuwa ranar 27 ga Yuli da aka yi yaƙin ƙarshe a Burmi.

Ba a banza ya zaɓi wannan zamani ba. Bayan an ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, aka kuma ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na ɗaya ya fita ya nufi gabas da niyyar hijira, jama'a suka yi ta bin sa daga birane da ƙauyuka, manoma suna barin gonaki a daidai lokacin sharar gona da jiran ruwan shuka. Cikin waɗanda suka haɗu da shi akwai Sarkin Misau Ahmadu, da Etsu Nupe Abubakar da Turawa suka tuɓe, da Magajin Keffi Ɗan Yamusa wanda ya kashe Kyaftin Moloney a 1902, da Alfa Hashim na gidan Shehu Umarul Futi. A Burmi, kusa da kogin Gongola da dutsen Bima, an kori rundunar Turawa a watan Mayu, amma a Yuli suka dawo da ƙarfi, Sarkin Musulmi ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa, shi ma Manjo Marsh da ya jagoranci harin a nan ya mutu. Ɗan Sarkin, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ci gaba da waɗanda suka tsira har Sudan, inda garin da ke ɗauke da sunansa yake a bakin kogin Nilul Azraƙ kusa da Sinnar. Alfa Hashim kuwa ya ƙarasa Madina ya zauna har rasuwarsa a 1931. Wato da yawa daga cikin masu zama a kan dardumar istirahar nan jikokin wannan tafiya ne, kuma wannan shi ya sa a daren farko sai da aka yi ƙuri'a kafin a sami masu shiga ɗakin Turawa.

Zaman farko da na biyu da na uku ba su yi armashi ba, kuma dalilin a fili yake. Kowa ya san yadda labarin ya ƙare, saboda haka 'yan ɗakin hijira suna wasa da ilimin da kakanninsu ba su da shi: ba sa tsayawa a fili gaban bindiga mai ruwa, kuma tun zangon farko suke shirin kauce wa Burmi. Abu na biyu, rahoton alƙali yana zuwa a 'yar guntuwar takarda mai cewa abokan gaba suna zango biyu arewa da ku, adadinsu kaza, kuma tunda daga hannun alƙali ta fito babu mai shakkarta. Sai wasan ya koma lissafi, wanda ya fi iya ƙirga zango shi ke nasara, sauran kuma su koma danna waya. Wani ɗan Gadarif ya faɗa wa Ustaz a gaban kowa cewa wannan dara ce kawai aka sa wa rawani.

Daga wannan magana aka yanke shawarar a soke rahoton alƙali ɗungurum, duk wani labari da zai shiga ɗaki ya shigo ta hanyar wasiƙa daga bakin wani mutum mai nasa tsoro da nasa kwaɗayi da nasa iyakar sani. Kafin in rubuta ko ɗaya sai da na zauna da Ustaz muka duba yadda wasiƙun daular Sakkwato suke a zahiri, domin Turawa sun tarar da tarin su a gidan Waziri Buhari a 1903, an kuma fassara wasu an buga. Da Larabci ake rubuta su, da rubutun Magribi irin na makarantar allo. Suna farawa da sunan Allah da salati, sai daga wane zuwa ga wane, sai gaisuwa gwargwadon darajar wanda aka aika wa, sannan a ce bayan haka a shiga magana. Gajeru ne, manya suna buga hatimi, kuma yawancinsu ba su da kwanan wata. Abu mai nauyi kuwa sau da yawa ba a rubuta shi, akan bar shi a bakin manzo. Waɗannan siffofi biyu na ƙarshe, rashin kwanan wata da maganar bakin manzo, su ne suka zama ƙashin bayan sabon wasan, ko da yake a lokacin ado kawai na ɗauke su.

Dokokin da Ustaz ya kafa kaɗan ne. Kowace wasiƙa tana da wurin da ta fito a taswirarsa, tana tafiya da saurin manzonta, mai doki ko mai ƙafa, kuma idan hanyarta ta ratsa kusa da 'yan sintirin abokan gaba sai a jefa ɗan ludo a ga ko za ta kuɓuta. Wadda aka kama ana kai ta ɗaya ɗakin. Ƙanin ɗaya daga cikinmu, yaro ɗan sakandare da muke kira Auta, shi ya zama manzon kowa, aka samo masa tsohuwar gafaka yana ratayawa. Ustaz yakan raɗa masa maganar baki sau ɗaya tak, ba maimaici, abin da ya riƙe shi zai isar. An taɓa kama wani yana ba shi dabino don ya faɗi abin da ya gani a taswirar alƙali, sai Ustaz ya ce wannan ma tarihi ne, ya bar cin hancin ya zauna, amma daga ranar ya riƙa rufe taswirarsa da shimagi, ƙyallen da Larabawa ke yafawa a kai.

Ga misalin wasiƙar da ta fara nuna mana abin da muka samu, a fassararta ta Hausa. Ta iso ɗakin hijira ne lokacin da ayarinsu yake zango ɗaya daga Gongola, damina ta kankama:

"Daga mai garin da ke bakin mashigi zuwa ga shugaban barade, gaisuwa da aminci da girmamawa. Bayan haka, ina sanar da kai an yi ruwa kwana biyu a jere, mashigin da kuka sani ya kai ƙirjin doki, jiragenmu biyu ne kuma ɗaya yana yoyo. Wani bafatake ya kwana a wurina ya ce ya ga Nasara da bindiga mai ruwa zango uku yamma da mu, amma mutum ne mai son a ce ya ga abu. Sauran magana tana bakin mai ɗauke da wannan. Wassalamu."

Sauran maganar da ke bakin Auta ita ce mai garin yana tsoron a ce ya taimaki ayarin idan Turawa suka iso, amma abin da yaron ya isar shi ne mai garin yana jin tsoro, ya tsaya nan. Aka shafe fiye da rabin sa'a ana muhawara a kan layuka biyar. Yaushe aka rubuta ta? Wani ya tuna cewa a zagaye biyu da suka wuce wata wasiƙar ta ambaci ruwan sama a sansaninsu, saboda haka wannan ta kwana aƙalla uku a hanya. Ɗan Gadarif ɗin nan, wanda ya yi noman dawa kafin ya zo Jidda tuƙin mota, ya ce idan ruwan ya ɗauke tun lokacin to kogi ya fara ja, amma idan a can sama ake yin sa to yanzu ne ma zai cika, kuma wasiƙar ba ta faɗi ta ina hadarin ya taso ba. Mai kula da ayarin mata da yara ya ce shi ba zai tura masu goyo cikin ruwan da ya kai ƙirjin doki ba a kan maganar bafataken da mai masaukinsa ma bai yarda da shi ba. Suka tsaya kwana biyu. Bafataken gaskiya ya faɗa, kuma a cikin kwana biyun nan rundunar Turawa ta rufe tazarar. Babu wanda ya taɓa wayarsa a daren, shayin da aka zuba ma sai da ya huce a cikin kofuna.

Abin lura a nan shi ne ba kyawun rubutun ya kama su ba, domin wasiƙar ba ta da wani ado. Abin da ya kama su shi ne ba su da wata hanyar sanin halin kogin sai ita, kuma ita ɗin ta makara, ba ta cika ba, mai ita kuma yana da abin da yake ɓoyewa. Ilimin da suke da shi na ƙarshen labari bai amfane su da komai ba a bakin mashigin da babu shi a littafin tarihi.

Ɗakin Turawa ya sami nasa rabon wahalar. Hafsoshin rundunar 1903 Turawa ne, amma sojojin da ke ƙarƙashinsu 'yan ƙasa ne, da yawansu ma Hausawa, kuma duk takardar Larabci da aka kama sai ta bi ta hannun malami da tafinta kafin ta isa kunnen hafsa. Saboda haka Ustaz ya hana a miƙa musu wasiƙar da aka kama a hannu. Wani ɗan Makka yakan shigo a matsayin tafinta ya karanta ta a zuciyarsa, ya faɗi ma'anarta da baki sau ɗaya, ya fita da takardar, kuma a asirce alƙali ya riga ya jefa ɗan ludo a kan ko tafintan nan yana tausayin masu hijira. Akwai daren da wasiƙa ta ce barade sun rabu gida biyu, tafinta ya ce barade sun ƙaru gida biyu, rundunar da ta fi ƙarfin abin da ke gabanta ta ja da baya tana jiran igwa.

Bayan waɗannan na ƙara wani nau'i da ba ya ɗauke da labarin abokan gaba ko kaɗan, sai nauyin gida. Wata uwargida da aka bari a ƙauye ta sa malamin unguwa ya rubuta wa mijinta da ajami cewa iri yana nan a rumbu ba mai shukawa, kuma ana raɗe-raɗin za a ba wani gonar duk wanda bai dawo ba. Wannan raɗe-raɗi ƙirƙirata ce. Dokar ita ce idan shugabannin ayari ba su ce komai a kan irin wannan wasiƙa ba cikin zagaye biyu, alƙali zai jefa ɗan ludo a kan mutum nawa za su sulale da dare su koma gida. Sai ga mazaje masu aikin kamfani da tuƙi sun duƙufa suna tsara amsar da za a karanta wa dakaru, suna gardama a kan ko a yi musu alkawari ko a yi musu wa'azi. A ganina nan ne wasan ya fi kusa da abin da ya faru a 1903, domin tambayar a tafi ko a zauna ita ce ta raba manyan Sakkwato kansu: Sarkin Musulmi ya fita, Waziri Buhari ya komo ya zauna da sauran jama'a, har ya rubuta risala yana bayyana hujjarsa.

Daga nan kuma na fara wuce gona da iri. Yabo ya shige ni, na riƙa zuwa da wasiƙa goma sha a dare ɗaya, wasu ba su da aikin komai a wasan sai nuna gwaninta, har zagayen da ake gamawa cikin minti ashirin ya koma sa'a guda. Ustaz ya taƙaita ni zuwa huɗu a kowane zagaye, ya ce duk wadda ba za ta sa a yanke wata shawara ba in bar ta a gida. Wannan gyara mai sauƙi ne. Wanda bai zo da sauƙi ba shi ne na siffar takardun. Da farko da biro nake rubutawa, da rubutun Larabcin gabas da kowa a ɗakin ya saba karantawa. Sai na ga bai yi kama da na da ba, na nemi wani ɗalibi Basakkwace da ya yi karatun allo ya riƙa kwafe min da alƙalamin kara da tawada, da rubutun Magribi mai ɗigon fa'un a ƙasa da ɗigo ɗaya a kan ƙaf. 'Ya'yan Makka suka riƙa tuntuɓe a wajen karatu, abin ya zama raha. Na jiƙa takardun da ruwan shayi na shanya, na ɗan ƙona gefensu, na sassaƙa hatimi a jikin magogin fensir.

Da zaman ƙarshe na kakar wasan ya gabato, wanda za a yi yaƙin Burmi a cikinsa, sai na ga ya dace a rufe da abu mai taɓa zuciya. Na rubuta wasiƙa da sunan Sarkin Musulmi Attahiru zuwa ga ɗansa, a daren da za a wayi gari a yi yaƙi, yana ce masa ya ci gaba da jama'a gabas kada ya waiwaya, ya yi haƙuri da raunana, kuma inda suka sami ruwa mai gudu da ƙasar noma su sauka. Ustaz ya karanta ya yi shiru, ya ce ba ta da aiki a wasan, amma bai hana ba. An karanta ta a ƙarshen dare, ɗakin ya yi tsit, wani ya ɗauki hotonta da waya don ya nuna wa matarsa.

Ba a yi mako biyu ba hoton ya zagaya. Sai an san halin da dangin mutanen Sudan suke ciki kafin a fahimci saurin yaɗuwarsa. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya kai jihar Sinnar a 2024, iyalai sun warwatsu, wasu Gadarif, wasu Kasala, wasu Bur Sudan, kuma zaurukan WhatsApp su ne suka rage musu a matsayin tsakar gida. Mutanen da suka bar gidajensu da abin da hannu zai iya ɗauka sai ga takarda mai kama da ta shekara ɗari da ashirin, da hatimi, kakansu yana cewa a yi haƙuri da raunana a hanya. Wani ya ɗora mata suna wasiyyar Sarkin Musulmi, wani ya karanta ta da murya mai rawa ya tura. Maganar ruwa mai gudu da ƙasar noma kuwa, wadda na rubuta domin na san inda tafiyar ta ƙare, sai aka ɗauke ta karama, aka ce tun a Burmi ya hango Nilu. Wannan aibi ne da ke bin duk wasiƙar da wanda ya san ƙarshen labari ya ƙaga: ko bai nufa ba, saninsa yakan tsiyaya cikin bakin wanda bai sani ba.

Wani dattijo ɗan Mai Wurno, kawun ɗaya daga cikin 'yan wasan, wanda ya fi shekara talatin a Jidda, ya sa aka kawo shi istirahar. Ya zauna, aka ba shi gahawa, ya fito da wayarsa ya buɗe hoton ya ce, "Ɗana, an ce a wurinka asalin takardar nan take. Wa ya ba ka ita, kuma me ya sa ba ta hannun gidan sarauta?" Na durƙusa na ce, "Baba, ka gafarce ni, ni na rubuta ta, ta wasa ce." Na ɗauko ta daga gafaka na miƙa masa, ya shinshina, ƙanshin shayi bai gama fita ba. Ya daɗe yana juya ta kafin ya ce shi da bakinsa ya karanta wa ƙanwarsa ita ta waya, tana gudun hijira da jikoki, ta yi kuka ta ce hankalinta ya kwanta, to yanzu me zai koma ya ce mata. Bai ɗaga murya ba. Da zai tashi ya ce wa Ustaz, "Malam, kai ne babba a nan, mamaci ba ya iya cewa ban faɗa ba."

Zaman da ya biyo baya ba a shimfiɗa taswira ba. Wasu suka ce laifin mai ɗaukar hoto ne, a hana shiga da waya. Wasu suka ce a riƙa rubuta gargaɗi a bayan kowace takarda, aka amsa musu da cewa hoto fuska yake ɗauka, ba ya ɗaukar baya. Ɗaya daga cikin ɗaliban ya ce a daina wasiƙun baki ɗaya. Ustaz ya tunatar da mu wasiƙar da Lugard, shugaban Turawan mulkin Arewa a lokacin, ya ce ya samu daga Sarkin Musulmi Abdurrahman a 1902, wadda aka fassara da cewa babu abin da ke tsakaninsu sai yaƙi, ya kuma kafa hujja da ita, kuma masana tarihi sun daɗe suna jayayya a kan sahihancinta. Ya ce tarihin wannan yaƙi ya riga ya sha wahala da takarda ɗaya mai shakku, bai kamata jikokin waɗanda aka ci da yaƙin su ƙara ta biyu ba. Ya kuma amsa nasa laifin na ganin takardar da barin ta.

Abin da aka tsayar shi ne ba za a sake rubuta wasiƙa da sunan mutumin da ya taɓa rayuwa ba, Sarki ne ko malami ko Bature. Masu rubutu za su zama mutanen da babu su a tarihi kuma ba su da suna sai sana'a ko muƙami: mai gari, maƙeri, madugu, uwargida, sojan Bature da ke aika wa ɗan'uwansa saƙo a ɓoye. Manyan tarihi za su bayyana ne kawai ta bakin waɗannan, da irin lafazin na ji an ce, ko wanda ya ga wanda ya gani ya faɗa mini. Hatimin da na sassaƙa aka daina amfani da shi, aka yi sabo mai ɗauke da kalmar wasa da Larabci da shekarar da muke ciki, ana buga shi a tsakiyar rubutun yadda ba za a yanke shi daga hoto ba sai an yanke maganar. An bar rubutun Magribi da alƙalamin kara, amma an daina jiƙa takarda da shayi, tunda kamar yadda wani ya lura, mutumin 1903 sabuwar takarda yake karɓa, tsufanta namu ido ne ke buƙata.

Sakamakon waɗannan dokoki bai zo iri ɗaya ba. Ta fuskar wasa, hana manya magana kai tsaye ya ƙara masa ƙarfi, domin yanzu ko umarnin Sarkin Musulmi sai ya zo ta bakin wani, kuma 'yan ɗakin hijira sukan yi gardama a kan ko da gaske ya faɗa ko wani ne ke fakewa da sunansa. A kaka ta biyu an sami daren da ayari ya rabu biyu saboda madugai biyu sun kawo umarni biyu masu karo da juna, kowanne yana rantsuwa daga zauren Sarki ya fito, abin da ban taɓa iya tsarawa ba lokacin da nake da ikon buga hatiminsa. Ta fuskar jin daɗi kuwa an yi asara, kuma ba zan ɓoye ba. Sabon hatimin yana tsaye a tsakiyar takarda yana tunatar da mai karatu cewa a Jidda yake, kuma mutum biyu sun ce tun da aka sa shi tsigar jikinsu ba ta sake tashi ba. Ɗan wasan nan da dattijon yake kawunsa bai ƙara zuwa ba. Ya ce ba fushi yake ba, amma ya gane ba zai iya jefa ɗan ludo a kan Burmi ba.

Janye takardar ya fi komai wuya. Na ɗauki bidiyo ina riƙe da ita, na nuna magogin fensir da aka yi hatimin da shi, na yi bayani da Hausa da Larabci, muka roƙi duk wanda ya tura hoton ya tura wannan a zauren da ya tura shi. Wasu sun yi, wasu sun ji kunya sun share nasu kawai. A wani zaure an amsa da cewa masu ƙaryata wasiyyar 'yan boko ne da ba su yarda da karamar waliyyai ba. Dattijon ya kira ƙanwarsa da kansa ya faɗa mata, kuma abin da ɗan wasan nan da yake kawunsa ya gaya mini shi ne ta ce ta ji, amma ba za ta goge ba. Asalin takardar tana hannun Ustaz, ya ja mata layi biyu da jan biro ya rubuta sunana da ranar da na rubuta ta a ƙasa. A azumin da ya wuce hoton ya sake shigowa wayata daga wata gwaggona da ke Kasala, an ƙawata gefensa da furanni, tare da saƙon murya tana cewa tunda ni mai son tarihi ne in karanta in tura wa 'yan'uwa.